Filin Gwaggo: An bugu a kai, rauni ya warke, ido da ƙarfi sun ƙi dawowa

 Waɗanda suka aiko da wasiƙun wannan makon ba su san juna ba, garuruwansu ma daban-daban ne, amma damuwarsu ɗaya ce. Su ko wani nasu ya bugu a kai, raunin waje ya warke, sai wata matsala ta ɓullo daga ciki aka rasa gane kanta. Na sakaya sunaye kamar yadda muka saba. Shawarata ba za ta maye gurbin likitan da ya duba majiyyaci ba. Burina ku isa gabansa kun san abin da za ku faɗa da abin da za ku tambaya.

Surukata ta ce jifa ne, ba za a yi masa aiki ba

Gwaggo, barka da aiki. Daga bakin gadon asibiti nake rubuto miki, hankalina a tashe. Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne, shekarunsa 44. Yana dawowa daga kasuwa a kan babur akuya ta gitta masa, ya faɗi, kansa ya bugi ƙasa. Bai suma ba. An ɗinke masa goshi, an yi hoton CT aka ce ƙashin kai bai fashe ba, muka koma gida muna hamdala. Kwana biyu da faɗuwar, cikin dare, ya farka da salati yana riƙe da kai, ya ce tunda yake bai taɓa jin ciwon kai irin wannan ba. Ya yi ta amai. Da gari ya waye fatar idonsa na dama ta sauko ta rufe idon, in an ɗaga ta sai a ga ƙwayar ta karkace waje. Yana ganina in na tsaya gabansa, in na koma gefe sai na ɓace masa. Aka tura mu asibitin koyarwa aka yi MRI. Likitoci sun ce akwai ƙari a wata tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, jini ya zuba a cikinsa, suna so su yi masa aiki ta hanci. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce atafau ba za a taɓa mata kan ɗa ba. Ta ce jifa ne, tunda hoton farko bai nuna komai ba, a mai da shi gida a nema masa magani. Ba na so in saɓa mata, uwa ce. Amma kullum ganinsa raguwa yake yi. Yau kwana uku da fara ciwon kan. Yaya zan yi?

Matar aure, daga Funtuwa

'Yata, Allah ya ba maigidanki lafiya, ya sa kaffara ne. Saƙonki ba mai jiran ranar fitowar mujalla ba ne, shi ya sa na amsa miki a ranar da ya iso. Ina maimaita amsar a nan saboda waɗanda za su tsinci kansu a irin halinki. Maganata ta farko: kada a fitar da shi daga asibitin nan, ko da na wuni ɗaya ne.

Bari in bayyana miki abin da likitocin suka gani, don ke ma ki iya yi wa Hajiya bayani. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can ciki daidai bayan karan hanci, akwai 'yar tsoka da ake kira fituwitari. Girmanta bai wuce na ƙwayar wake ba, nauyinta kusan rabin giram, tana zaune cikin ɗan gurbi na ƙashi. Duk da ƙanƙantarta, ita ke aika sinadaran da ke ba sauran sassan jiki umarni. Ita ke sa 'yan tsokar da ke saman ƙoda su fitar da kotisol, sinadarin da ke hana jini da sukari yin ƙasa lokacin da jiki ya shiga wahala. Ita ke tafiyar da tayirod da ke wuya, da al'adar mata, da ƙarfin maza, da ruwan nono, da girman yara, da yawan fitsarin da mutum ke yi.

Maƙwabtanta su ne suka jawo abin da kike gani a idonsa. Sama da ita kaɗan, kimanin santimita ɗaya, jijiyoyin gani na idanu biyu suke haɗuwa su gitta juna. Ta dama da ta hagu kuma, jijiyoyin da ke juya ƙwayar ido da ɗaga fatarsa suke wucewa. Da jini ya zuba cikin ƙarin, sai ya kumbura farat ɗaya, ga gurbin na ƙashi ne ba ya buɗewa, sai ya danna sama ya danna gefe. Wurin da ya danna a sama, zaren jijiyar da ke ɗauke da ganin gefe ne ke bi ta nan, shi ya sa kike ɓace masa in kin kauce daga gabansa. Wadda ya danna a gefe ita likitoci ke kira jijiya ta uku, ita ce mai ɗaga fatar ido, shi ya sa idon ya rufe, ƙwayar ta karkace. Ciwon kan da ya zo masa lokaci ɗaya da aman duk daga wannan kumburi ne. Wani lokaci har wuya kan sanƙare, zazzaɓi ya shiga, a ɗauka sanƙarau ne.

Kada jin an ce ƙari ya karya miki zuciya. Irin wannan ƙari ya yawaita, ana samun ƙananansa a kusan mutum ɗaya cikin goma, mafi yawansu har su bar duniya ba su san da shi ba. Kusan dukkansu ba ciwon daji ba ne, ba sa yaɗuwa a jiki. Ba faɗuwar ce ta haifar da shi ba, yana nan tun tuni, buguwar ce ta tayar da zubar jinin. Hawan jini, magungunan tsinka jini, babbar tiyata da juna biyu su ma kan tayar da ita. Ciwo ne sananne a asibiti: tun 1898 wani likitan Amurka, Pearce Bailey, ya rubuta bayaninsa.

Hujjar Hajiya ta cancanci amsa, domin tambaya ce ta hankali. Me ya sa hoton farko bai nuna komai ba? Hoton CT gwani ne wajen nuna fashewar ƙashi da tarin jini mai yawa cikin kai, amma sau da yawa yakan wuce wannan 'yar tsoka bai gan ta sosai ba. Sannan mai yiwuwa lokacin da aka ɗauke shi jinin bai ma fara zuba ba, domin yakan jinkirta awanni ko kwanaki bayan buguwar. MRI ne ke nuna wurin fili, kuma ya nuna.

Haɗari biyu ke gabanku. Na farko ya shafi rai. Mafi yawan waɗanda wannan abu ya samu, jikinsu kan daina fitar da kotisol. Idan babu shi, jini kan yi ƙasa, gishirin jini ya ragu, mutum ya galabaita, ya shiga magagi, har a rasa shi. Shi ya sa likitoci ke yin allurar haidirokotizon, mai maye gurbin kotisol, tun kafin sakamakon gwaji ya fito. Ki tambaye su yau: ana ba shi? A gida babu wanda zai auna jininsa dare da rana, babu mai yi masa wannan allura. Na biyu ya shafi ido. Jijiyar gani takan jure danniya na ɗan lokaci, in an ɗage mata nauyin ta farfaɗo, amma zaren da ya mutu a cikinta ba ya sake tohowa. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin homon (sinadaran jiki) ta Birtaniya ta buga a 2011 ta ce idan gani ya taɓu sosai ko yana ci gaba da raguwa, an fi so a yi aikin cikin kwana bakwai na farko. Ba kowa ake yi wa aiki ba. Wanda ganinsa bai taɓu ba, akan ba shi magani a sa masa ido. Fatar idon da ta rufe ma galibi takan ɗago cikin makonni ko watanni. Amma kin ce nasa ganin kullum raguwa yake yi, kuma wannan shi ne babban dalilin da ke sa likita ya ce a yi aiki.

Sai batun Hajiya. Ba gaba take yi da ke ba, tsoro ne irin na uwa. Ta ji an ce aiki a kai, a ranta za a tsaga ƙoƙon kan ɗanta. Ki roƙi likitan ya zauna da ita ya nuna mata hoton, ya gaya mata da bakinsa cewa ta ƙofar hanci ake bi, ba a fasa ƙoƙon kai, ba a ratsa ƙwaƙwalwa. Ya kuma gaya mata gaskiyar haɗarin aikin: yoyon ruwan ƙwaƙwalwa ta hanci, shigar ƙwayoyin cuta, yawan fitsari na ɗan lokaci. Uwa ta fi yarda da wanda bai ɓoye mata komai ba. Kada ki tunkare ta ke kaɗai. Ki nemi yayansa, ko kawunsa, ko limamin da take jin maganarsa. Ki ce mata, Hajiya, addu'arki muke buƙata a nan bakin gadonsa. A yi masa karatu, a yi sadaka, babu likitan da zai hana. Abin da za a kiyaye shi ne hayaƙi, da maganin shaƙe a hanci, da ɗura masa wani abu a baki yana cikin magagi ko an hana shi ci saboda tiyata. Addininmu da kansa ya umarce mu da neman magani. Kuma muddin maigidanki yana cikin hayyacinsa, shi ke da ikon amincewa a yi masa aiki. A yi masa bayani a gaban mahaifiyarsa, ya faɗi ra'ayinsa ta ji da kunnenta. Batun kuɗi kuwa, ki nemi a rubuta muku kiyasi, ki kai wa dangi da abokan kasuwarsa tun yau, ki kuma tambayi ofishin tallafa wa marasa ƙarfi na asibitin.

Bayan aikin, kada ya fyace hanci, kada ya ɗauki kaya mai nauyi, sai likita ya ba da izini. Ku tambaya yaushe zai koma shaƙa ruwa a alwala da kai goshi ƙasa a sujada, kafin nan ya yi sallarsa yadda ya samu iko. In kin ga ruwa garai-garai yana ɗiga daga hancinsa, ku koma asibiti nan take. Ki kuma shirya ranki: da yawa daga masu wannan ciwo sukan ci gaba da shan maganin da ke maye gurbin sinadaran da suka rasa, wasu har ƙarshen rayuwa, kuma suna komawa kasuwarsu su riƙe gidajensu lafiya lau.

Matata tana zargin na daina son ta

Gwaggo, ina gaisuwa. Magana ce da ban iya faɗa wa kowa ba. Malamin makaranta ne ni, shekaruna 36. Wata goma da suka wuce muka yi hatsarin mota, na kwana biyu ban san inda nake ba. Allah ya tashi kafaɗuna, kowa ya ce na warke. Amma ni na san ba ni ba ne. Da hantsi na gaji, ina jin sanyi ana tsananin zafi, in na miƙe jiri ya ɗebe ni. Gemuna ma ya rage fitowa. Abin da ya fi damuna, sha'awar iyali ta ɗauke mini gaba ɗaya. Matata tana kuka, ta ce ko wata nake nema, ko an shiga tsakaninmu. Yayana ya ce lalaci ne ya kama ni. An yi mini maganin maleriya da taifod ba adadi. Abokaina sun kawo mini maganin ƙarfin maza na kasuwa, ban ga canji ba sai bugun zuciya. Muna kuma son ƙarin haihuwa. Gwaggo, ko na zama ba namiji ba ne?

Magidanci, daga Gusau

Ɗana, namiji ne kai, kuma ba malalaci ba. Mara lafiya ne da ba a gano ciwonsa ba tukuna. Alamomin da ka lissafa, a jere bayan buguwar da ta sumar da kai kwana biyu, sun isa a binciki 'yar tsokar nan da na bayyana a sama.

Ba sai da ƙari take samun matsala ba. Tana rataye ne a jikin ƙwaƙwalwa da ɗan siririn sili, ta cikinsa ƙananan jijiyoyin jini ke saukowa su ciyar da ita. Idan kai ya girgiza da ƙarfi, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, ko jini ya yi ƙasa lokacin hatsari, waɗannan jijiyoyi kan tsinke ko su toshe, wani sashe na tsokar ya mutu. Ba a gani a waje, kuma alamun kan zo a hankali bayan watanni. Wani nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2007, wanda ya tattara bincike da dama, ya sami raguwar aikin wannan tsoka a fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka gwada bayan raunin ƙwaƙwalwa. Ka ga kenan ba kai kaɗai ba ne.

Ka nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa. Na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika duk kana iya isa daga Gusau. Ka nemi likitan homon, su ne masu duba masu ciwon sukari da maƙoƙo. Jimlar farko da za ka faɗa masa ita ce ka yi hatsari ka suma kwana biyu, domin in ba ka faɗa ba zai yi ta neman dalili a wani wuri. Sannan ka faɗi sauran duka, har da abin da kake jin nauyin faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za a ɗebi jininka da safe, wajen ƙarfe takwas zuwa tara, a auna kotisol, da sinadarin tayirod, da tastostaron, da furolaktin, da gishirin jini. Lokacin ɗibar yana da muhimmanci, domin kotisol da tastostaron da safe suke kai ƙololuwa.

In an sami rashi, ana maye gurbinsa, kuma akwai tsari. Kotisol ake fara gyarawa kafin tayirod, domin in aka juya tsarin mutum na iya faɗuwa warwas. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka sayen magani da kanka. Ka kuma gaya wa likita tun farko cewa kuna son haihuwa. Allurar tastostaron tana dawo da sha'awa da kuzari, amma tana danne samar da ƙwayoyin haihuwa. Akwai wasu allurai daban da ake yi wa mai neman ɗa. Maganin ƙarfin maza na kasuwa kuwa ka ajiye shi daga yau. Ba ka san abin da aka zuba ciki ba, wasu suna saukar da jini, kai kuma ga jiri kana fama da shi.

Idan aka ɗora ka a kan haidirokotizon, ka riƙe waɗannan da kyau. Ba a tsallake shi ko an ji sauƙi. Ranar zazzaɓi ana ƙara yawansa yadda likita ya tsara maka. In amai ko gudawa ya hana maganin zama a ciki, asibiti za a nufa a yi maka allura, ba a jira gari ya waye. Ka riƙa yawo da takarda a aljihu mai ɗauke da sunan ciwon da na maganin. Kafin watan azumi ka zauna da likitanka ku tattauna, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Kafin a kai ga gwajin ma, in ka ji jiri mai tsanani da amai da galabaita, ka tafi sashen gaggawa.

Mai ɗakinka kuma, shirunka ne ke ƙona mata rai fiye da rashin kusantar. Mace in ba a gaya mata dalili ba, za ta nemo dalili da kanta, kuma mafi ɗaci za ta ɗauka. Ka zaunar da ita ka ce, tun hatsarin nan jikina ya canza, ina sonki, ki raka ni asibiti. Ta ji daga bakin likita. In gwaji ya fito lafiya, kada ka tsaya nan: ciwon damuwa ma kan biyo bayan raunin kai, yana kawo irin waɗannan alamu, shi ma yana da magani.

Ina jan hankalin mata masu karatu a nan. Irin wannan mutuwar tsoka kan sami macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa. Nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, kasala ta yi yawa. Likita Harold Sheehan ya bayyana shi a 1937, ana kiran ciwon da sunansa. Wadda ta ga haka a jikinta, gwajin nan ɗaya za ta nema.

Ina ganin abu biyu-biyu, ga biki ya matso

Gwaggo, tela ne ni. Mako biyar da suka wuce na faɗo daga kan babur ɗin abokina, ƙeyata ta bugi kwalta. Tun daga nan nake ganin abu biyu, ɗaya a saman ɗaya. In na duba ƙasa zan zura zare a allura ko zan sauka daga matakala abin ya fi tsanani. In na rufe ido ɗaya sai ya daidaita. Mutane sun ce ina karkata kai gefe ban sani ba. Wani mai kemis ya ce in sha deksa. An sa bikina bayan Sallah, ina tsoron dangin yarinyar su ce na zama mai harara-garke.

Saurayi, daga Damagaram

Ɗana, bayaninka ya yi kama da raunin jijiya ta huɗu, ɗaya daga cikin ukun da ke juya ƙwayar ido. Ita ce mafi siranta a cikinsu, kuma ta fi su doguwar tafiya cikin ƙoƙon kai, shi ya sa buguwar da ba ta kai ta kawo ba ma kan taɓa ta. Aikinta saukar da ido ƙasa, musamman in ana duban abu na kusa, wato daidai abin da sana'arka ke buƙata. Karkata kan da kake yi dabara ce ta jiki don haɗe hotunan biyu.

Ka je wurin likitan ido, kada ka tsaya a shagon tabarau. A auna ƙarfin ganin kowane ido, a duba yadda baƙin idonka ke amsa haske, a leƙa jijiyar gani, a kuma gwada faɗin ganinka ta gefe. Wannan na ƙarshe shi ke nuna ko akwai abin da ke danne mahaɗar jijiyoyin gani. In asibitin garinku ya ga buƙata zai tura ka Yamai, masu karatu na Najeriya kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Albishir ɗin shi ne da yawa irin wannan rauni kan warke da kansa cikin wata uku zuwa shida. Kafin nan ana rufe ido ɗaya lokacin aiki, ko a manna wani gilashi na musamman a tabarau da ke haɗe hotunan. In an kai wata shida zuwa shekara bai daidaita ba, akwai tiyatar gyara tsokar ido. Kada ka tuƙa babur ko mota kana gani biyu.

Deksa kuwa, kada ka sha. Ba ya ɗinke jijiya. Wani babban gwaji mai suna CRASH, da aka buga sakamakonsa a 2004 a kan mutum fiye da dubu 10 masu raunin kai, ya nuna cewa ba su magani dangin deksa da yawa ya ƙara yawan mace-mace. Wannan daban yake da haidirokotizon da likita ke ba wanda jikinsa ya rasa kotisol. Shan deksa barkatai ma da kansa kan sa jiki ya daina fitar da nasa kotisol ɗin. Kada ka ɗiga komai a idon, matsalar ba a cikinsa take ba. In ciwon kai mai tsanani ya zo maka farat ɗaya, ko amai, ko fatar ido ta sauko, ko gani ya dushe, wannan na gaggawa ne.

Ita kuma yarinyar, ka gaya mata gaskiya da bakinka tun kafin ta ji a gari, ka tura waliyyinka ya sanar da nata. Rauni ne na hatsari, ba gado ba ne, ba ya bin 'ya'ya.

Yarona ya koma fitsarin kwance

Gwaggo, ɗana mai shekara 9 ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ya kwana huɗu a asibiti. Tun da muka dawo ba ya ƙoshi da ruwa, cikin dare ma yana bakin randa, ya kuma koma fitsarin kwance. An gwada sukari babu. Babansa yana dukansa, ya ce a hana shi ruwa da yamma.

Uwa, daga Azare

Ƙanwata, ki roƙi babansa ya ajiye bulala, kuma kada a hana yaron ruwa. Ɓangaren baya na fituwitari ne ke sakin sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. In buguwa ta taɓa shi, ƙoda kan yi ta zubar da fitsari fari kamar ruwa dare da rana, ƙishirwar kuma ita ke kare ran yaron. In aka hana shi sha, fitsarin ba zai tsaya ba, jikinsa ne zai bushe, gishirin jini ya hau, abin ya kai ga suma.

Ki auna ruwan da ya sha da fitsarin da ya yi cikin kwana ɗaya cur da robar da kika san awonta, ki rubuta, ki kai wa likitan yara tare da labarin faɗuwar. Za a gwada gishirin jini da kaurin fitsari. Maganinsa desmofuresin, ƙwaya ko feshin hanci, yana aiki sosai, amma likita ne zai tsara yawansa, domin in ya yi yawa ruwa kan taru a jiki ya yi illa. A wasu yaran matsalar kan wuce da kanta, a wasu takan zauna. Ki kuma riƙa sa a auna tsayinsa duk wata shida. Yaro mai irin shekarunsa kan ƙaru da kimanin santimita 5 a shekara. In tsayin ya tsaya, ko balaga ta yi saurin zuwa ko ta yi jinkiri, a gaya wa likita.

Kafin in rufe, biyu daga cikin wasiƙun nan a kan babur suka fara. Tun Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta sa hular kwano, amma ku dubi titunanmu ku ƙirga masu sa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular da aka sa daidai aka ɗaure igiyarta tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin ɗari. Mata, ku sa mazajenku da 'ya'yanku su saya, ku ma ku sa in za ku hau. Wanda kuma ya riga ya bugu, a ba shi farasitamol kawai, a guji asfirin da dangoginsa masu tsinka jini sai likita ya gan shi, a kuma ci gaba da lura da idonsa, da kuzarinsa, da fitsarinsa har shekara ta zagayo. In ya ce jikinsa ba daidai yake ba, ku yarda da shi ku kai shi a gwada. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.